Idon Dama na Alhaji Isuhu

Ni ne na danna maɓallin. Da wannan zan fara, domin na daɗe ina ba da labarin nan babu wannan maganar a ciki, har na kusa yarda da yadda nake faɗinsa. Injin bai lalace ba, mai injin bai yi sakaci ba. Ni Sabi'u na yi abin da na yi ina sane, wani kuma ya ɗauki sakamakon a jikinsa.

Na shiga Guangzhou ta jirgin ƙasa daga Hong Kong, tun Turawan Ingila ba su miƙa garin ba. Ɗan unguwarmu na Fagge da ya yi alkawarin tarata a tasha bai zo ba. Lambar wayar da ya ba ni ta wani shagon takalma ce, matar da ke ɗauka kuma kalma ɗaya take maimaita mini: meyo, meyo. Ita ce kalmar Sinanci ta farko da na koya. Ma'anarta babu.

Ban ji tsoro ba a kwanakin nan, ban ji komai ba. Ina kwana a wani ƙaramin otal kusa da tasha, da safe in fito in yi ta tafiya ba inda za ni. Baƙar fata ba su da yawa a garin lokacin. Wata tsohuwa ta taɓa shafa bayan hannuna, sannan ta duba yatsanta. Burodi da ayaba nake ci, don ban san abin da ke cikin tukwanensu ba. Ranar Juma'a na hango wani dattijo da farar hula a kan keke. Na tare shi, na nuna hulata, na ɗaga hannu biyu kamar mai kabbara. Ya dube ni, ya buga kujerar bayan kekensa da tafin hannu. Haka ya tuƙa ni har masallacin Huaisheng, yana nishi, ban kuma sake ganinsa ba.

Bayan an idar ina neman takalmina sai na ji an ce a bayana, "Wannan hula ta Kano ce, kuma mai ita bai ci abinci ba."

Alhaji Isuhu ke nan, mutumin Maraɗi, dogo siriri, ya yi sa'an babana. 'Yan kasuwar Maraɗi da Yamai ke aiko masa da saƙo, shi ya sayi shadda da atamfa da leshi, ya cika kwantena ya tura. Idonsa na hagu ƙyanda ta taɓa shi tun yana yaro, dishi-dishi yake gani da shi. Saboda haka idan zai duba yadi sai ya rufe na hagun da yatsa, ya ɗaga yadin saitin ƙofar shago, ya ƙura masa na dama. Da idon nan ɗaya yake gane shaddar da ƙyallinta na zare ne da wadda aka shafa wa kaki, da launin da zai zuba a wankin farko. Da shi yake ciyar da gida a Maraɗi, da shi yake biyan ɗakin da ya kai ni a unguwar Liwan ya shimfiɗa mini katifa.

Bai taɓa tambayata yaushe zan tashi ba. Bakano yake ce mini, ni kuma Baba Alhaji. Dukiyarsa a ɗakin nan kayan shayi ne: 'yar buta, ƙananan kofunan gilas, da wani tiren silba da yake gogewa har ka ga fuskarka a ciki. Duk inda za a yi babban ciniki sai ya zuba su a jaka mun tafi da su. Ya ce shi bai iya magana da mutum ba sai da kofi a hannu. Masu shaguna tun suna dariya har suka saba, suna matsar masa da kaya ya jona rishonsa na lantarki.

Karatuna bai wuce firamare ba, amma Allah ya ba ni kunne. Kafin shekara ta zagayo ina ciniki da Sinanci, ina zagi da shi. Shi kuwa Baba Alhaji bai wuce gaisuwa da lauban ba, wato maigida, sauran magana da kwakuleta yake yin ta. Na zama bakinsa da kunnensa. Abin da aka faɗa masa, abin da na ce an faɗa ne.

Mutane kan tambaye ni ko na yi kewar gida. Ban sani ba. Ranar Sallah nakan kira wayar maƙwabtanmu a kira mini Inna, ta yi ta kuka, ni ina kallon motoci ta gilashin rumfar waya. Abin da na san na rasa shi ne a ƙwala mini kira da sunana daga nesa. Abin da ya dame ni kuwa daban ne. Na gaji da a ce ga yaron Alhaji.

Lokacin ne 'yar tocilar nan ta leza ta fito, wadda ake maƙalawa a makulli, ka danna jan ɗigo ya bayyana a bangon nesa. Samarin Kano sun haukace a kanta, ana haska ta a silima da bayan 'yan mata. Na fara turawa da kaina, kwali-kwali. Neman inda ake haɗa ta ya kai ni unguwar Tianhe, saman wani bene bayan kasuwar kayan lantarki, wurin wani mutum da ake kira Lao Chen.

Gajere ne, mai furfura, ba ya rabo da taba. Mata ne a layi suna haɗa tocilolin, a ƙuryar wurin kuma akwai ɗaki mai ƙofar ƙarfe, ciki da wani inji kamar firjin kanti. Da shi yake rubuta suna a bayan agogo da jikin biro. Hasken wannan injin ido ba ya ganinsa. Sai dai ka ji ƙas, ka ga hayaƙi siriri, rubutu ya fito a ƙarfe. Duk wanda zai shiga sai ya sa wani tabarau mai kauri, kuma Lao Chen zai sa ka cire agogo da zobe ka bari a waje. Ya gaya mini dalili ba sau ɗaya ba. Abu mai ƙyalli yana mayar da hasken, ba wanda ya san inda zai nufa.

Wata rana muna zaune yana busa taba ya ba ni labarin aikinsa na da. Ya yi shekaru a wani wurin bincike na gwamnati can nesa da teku, inda suke ƙoƙarin ƙera hasken da zai ƙone jirgin yaƙi ko makami mai linzami tun yana sama, kafin ya iso gari. Na ce sun yi nasara? Ya yi dariya har ya sarƙe. Ya ce abin da suka haɗa ya kai girman gida, yana shan wutar unguwa guda, kuma da hadari ya taso ko ƙura, ƙarfinsa ya tafi. Ƙarfe a sama wuyar ƙonewa gare shi, in ji shi. Abin da ke ƙonewa nan take ido ne. Ya bar aikin ne don albashin ya daina riƙe gida.

Duk na ji wannan, na kuma fahimta. Rabin farko na riƙe, na zubar da sauran.

Da lokacin babban baje kolin garin ya zo, aka haɗa ni da wani baƙo daga gida mai neman tafinta. Kanar kowa ke ce masa, ya yi ritaya, yana kwangilar takalma da kaki da tantuna, lokacin kuwa soja ke mulki. A cikin tasi, don kawai ya dube ni da kyau, na ce na san mutumin da ya ƙera wa sojan Sin bindigar haske.

Ya juyo gaba ɗaya. "Irin wadda ke harbo jirgi ba harsashi?"

"Ita, ranka ya daɗe. Yana da ƙarama a shagonsa."

"Kai, ka san abin da kake faɗa? In na kai wa manya samfurin wannan aka ce a kafa a iyaka da fadar gwamnati, kai da ɗaukar dila har abada." Ya ƙare mini kallo. "Amma kai yaro ne. Wa zai tsaya maka?"

Shi ya sa na je wa Baba Alhaji. Yana ninke samfurin atamfa ya ce, "Bakano, mi ya haɗa mai yadi da bindiga?"

"Ba abin da za ka yi, Baba. Ka sa babbar riga, ka dafa shayi, ya ga ina da babba."

"To ai shayi ba shi kashe kowa," ya ce, ya tashi yana neman jakarsa.

Lao Chen kuma na ce masa injin rubutu baƙon yake so, na buga sunan sojoji a lambar ƙirji. Ƙarya ɗaya a kowane kunne, ni a tsakiya.

Da hantsi muka je. Tabarau uku ne a wurin, mu huɗu ne. Lao Chen ya sa nasa, ya miƙo biyu. Na ba Kanar ɗaya. Ɗayan na miƙa wa Baba Alhaji da hannun da bai kai ba, ya ce, "Sa abinka, kai ka aiki. Ni da wannan a fuska ina zan ga kumfar shayi?" Ya zauna a ƙasa gefen ƙofa ya baje kayansa.

Lao Chen ya nuna shi ya ce mini da Sinanci, a fili, dattijon nan ya fita kafin a kunna, tiren nan ma ya fita. Kanar ya ce me yake cewa? Na dubi Baba Alhaji cikin babbar rigarsa, mutumin da na kawo don a ga girmansa. In ce masa tashi ka fita, a gaban baƙo? Na ce, "Yana yi muku barka da zuwa."

Lao Chen ya kunna injin don ya ɗumama, ya jera guntayen baƙin ƙarfe da zai gwada a kai, yana jiran dattijo ya tattara. Sai wata daga cikin matan ta leƙo ta ce ana kiransa a wayar ƙasan bene. Ya ɗaga mini yatsa, ya ce kada a taɓa komai, ya fita da tabaransa a goshi.

Kanar ya ɗauki guntun ƙarfe ɗaya ya juya shi. "Waɗannan shi ya shirya abinsa. Na san halin mutanen nan, sun shafa masa magani. Jirgin sama baƙi ne? Fari ne fes, yana ƙyalli." Ya waiga. "Alhaji, ara mana tirenka."

Baba Alhaji ya sauke kofuna a ƙasa ya miƙa masa. "A dai maido mini da abina ba huji, Kanar."

Kanar ya jingina tiren a gaban bakin injin, a karkace. Ya ce, "To, tafinta. Ko sai ubangidanka ya dawo? Na ɗauka ka ce ka san kan abin."

Na sha ganin yadda ake yi. Na san tiren yana ƙyalli, na san akwai mutum a ɗakin ba tabarau. Ban manta ba, ban ruɗe ba. Na ce a raina sau ɗaya ne. Na danna.

Ƙas. Shi ke nan. Ba wuta, ba ƙara. A tiren wani ɗan tabo ya fito kamar ƙwayar gero. Kanar ya tsuke baki ya ce, "Wannan ne zai harbo jirgi?"

Daga bayanmu Baba Alhaji ya ce, a hankali, "Bakano, wani abu ya fashe mini cikin ido." Yana zaune yadda yake, buta a hannu, shayi na zuba a kan rigarsa. Ya ce ba zafi. Ya ce ja yake gani, kamar an ɗiga jini a ruwa. Ya rufe na hagu da yatsa yadda ya saba, ya dube ni, ya ce, "Ina kanka? Ina ganin kafaɗunka, ban ga kanka ba."

A asibitin ido likita ya zana da'ira a takarda, ya cika tsakiyarta da baƙin biro. Ya ce wurin da ya ƙone ba ya tsirowa. Gefe-gefe zai riƙa gani, tsakiya kuwa ta tafi. Wannan na fassara daidai. Baba Alhaji ya ce, "To. Alhamdu lillahi." Ni ina tsaye ina karanta rubutun da ke jikin kwandon shara. Na jira in ji wani abu a ƙirjina, ban ji ba.

Kanar bai biyo mu asibiti ba. Ya sauya otal, ya bar garin, da tabaran Lao Chen a aljihunsa. Ba a daɗe ba gwamnati ta canja a gida, ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Da Baba Alhaji ya tambaye ni yadda aka yi, don shi yana sunkuye kan buta ya ɗago ne kawai, na ce injin ne ya tashi da kansa, lauban ya bar shi a kunne ya fita. 

Lao Chen ya zo dubiya da lemo a leda. Ya tsaya a ƙarshen gado, ya cire hularsa, ya ce mini, "Ka gaya masa na ce ya fita. Ka gaya masa na ce a fitar da tiren. Ba don in wanke kaina ba, ni ma bai kamata in bar ɗakin ba. Amma ya sani."

Na ce, "Baba, ya ce a yi haƙuri, injin ne ya sami matsala."

Baba Alhaji ya juya fuska bango. "Ce mishi ya ɗauki lemonshi."

Lao Chen bai jin Hausa, amma ya ji tsawon maganarsa ya ji tsawon tawa. Ya dube ni ya daɗe. Ya ajiye ledar a kan kujera ya fita. Ni na shanye lemon, ɗaya bayan ɗaya, a barandar asibiti.

Muka koma kasuwa, don saƙo bai daina zuwa ba. Baba Alhaji yana ɗaga yadi saitin ƙofa kamar da, ya rufe ido ɗaya, don kada masu shago su gane. Ni ina gefensa, in yadin ya yi mini sai in taɓa gwiwar hannunsa. Amma idona bai san yadi ba. Kwantenar farko da muka tura a haka, shaddar ta zuba a wankin farko, aka yi ta kiran waya daga Maraɗi. Ya ɗauki laifin, bai ambaci sunana ba.

Daga nan ya zaunar da ni ya fara koya mini. Yadda ake murza gefen yadi a ji kaki a yatsa. Yadda ake jiƙa farin ƙyalle da yawu a goga a ga ko launi zai biyo. Yadda ƙyallin zare ke tafiya in ka karkata yadin, na kaki kuwa ya tsaya wuri ɗaya. Wannan na ƙarshen da baki ya kwatanta mini, don shi ya daina ganinsa. Ya koyi kallon mutum ta gefen ido. In zai dube ka sai ya kau da fuska kamar mai kallon wani a bayanka. Yana zuba shayi da jin ƙarar kofi. Tiren nan dai shi ne, da tabonsa, kullum ni nake wankewa.

Magana ba ta ɓuya a tsakanin 'yan kasuwa. Waɗanda suka zo daga Maraɗi suka ga wanda ke zaɓen kaya. Ina jinsa da kunnena, ranar wata Juma'a a harabar masallaci, yana ce musu, "Ku ba Bakano saƙonku. Yaron ga amana gare shi. Tun da abin ga ya same ni bai bar ni ko yini ɗaya ba." Suka yi ta sa mini albarka. Na ce amin. Cinikin da ya gina da idonsa ya dawo hannuna, ɗakin Liwan ma ni na koma biya. Na yi ƙiba a shekarar. Ina sallah, ina azumi, ina barci lafiya. Tianhe ce kawai ban sake takawa ba.

Bayan Sallar layya ta gaba ya ce zai koma gida. Ya ce mutumin da ba ya ganin fuskar wanda yake gaisawa da shi gara ya zauna inda ya san muryoyi.

Na raka shi tashar jirgin Hong Kong, wadda take a Tianhe ɗin. Daga bakin tashar ana hango saman benayen kasuwar lantarki. Mun zauna a benci muna jiran a buɗe ƙofa, sai ya jawo jakar shayi ya ɗora mini a cinya.

"Riƙe. Kai ka da baƙi yanzu."

Zip ɗin jakar ya lalace, gefen tiren ya leƙo, tabon yana sama. Ban san abin da ya bambanta wannan ganin da na kullum ba. Wataƙila don in ya wuce ƙofar nan, babu sauran wanda zan gaya wa. Na sauka daga bencin na durƙusa a ƙasa, mutane suna ratsa mu da akwatuna.

"Mi ne ne haka, Bakano? Tashi, ana kallonka."

Na gaya masa. Na ce injin bai tashi da kansa ba. Na ce lauban ya ce a fitar da shi, ya ce a fitar da tiren, ni na ce barka da zuwa yake yi. Na ce na san abin da ƙyalli ke yi, kuma ni na danna.

Ya kau da fuska wajen babban agogon tasha, wato ni yake kallo. 

"Ranar da lauban ya zo asibiti," ya ce, "mi ya ce?"

Na faɗa masa, kalma da kalma.

Ya shafa gemunsa. "Ido na Allah ne, ya amshi abinshi. Wannan na gama da shi tun a gadon asibiti. Amma kai ka sa na kori mutum da lemonshi. Ka sa na riƙe shi a zuciya, ina kai ƙararshi cikin sujada, shi ko bai yi mini komi ba." Muryarsa ba ta tashi ba. "Kuma ka bar ni na tsaya gaban mutanen garinmu na ce amana gare ka."

Aka buɗe ƙofa, layi ya fara motsi. Ya miƙe, ya lalubi akwatinsa. Da na kai hannu zan ɗauka, ya riga ni. Ya nuna wajen benayen da haɓa, ya ce, "Wurinshi ba nisa daga nan, ko? Kana da bakin da zai ji. Ka ce mishi ni Isuhu ina roƙo ya yafe mini zargin da na yi mishi."

Na ce zan je yau, kuma na je. Amma a lokacin ina durƙushe, na kama gefen rigarsa, a karon farko tun da na sauka a garin nan na ji ƙirjina ya buɗe, abin da ke ciki ya fito.

"Baba Alhaji, ka tsince ni da yunwa, ka ba ni katifa, ka ba ni sana'a. Ni na ɗauke maka ido don wani ya ce mini yaro, na ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba, na ci abincinka a kan haka. Ba ni da hujja ko ɗaya. Na zalunce ka. Don Allah ka yafe mini."